Yayata da Ba Ta Mayar da Ƙwarya

Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma. Wannan ba abin jayayya ba ne, ni ma ban ɗauki alƙalami don in yi jayayya da shi ba. Yayata, babbar ɗiyar mahaifinmu, ta rasu a gidanta na Malanville cikin daminar bana, da hantsi, a ranar kasuwa. Babu wanda ya rubuta shekarar haihuwarta, amma ita ta goya ni, ni kuwa na tsufa har idona ya fara gajiya da karatu. Kafin azahar an kai ta makwancinta.

Mutane sun zo, kuma gaskiya ta wajabta mini in ce sun zo da yawa. 'Yan albasa sun rufe rumfunansu. Abokan cinikinta na Gaya sun haye gada da rana tsaka, wasu a kan kabu-kabu, wasu a ƙasa. Masunta Dandawa da ke kawo mata busasshen kifi sun zauna gefe ɗaya ba su ce uffan ba, kuma su na fi gode wa. Matan kudu da ke sayen tsamiya a wajenta sun shigo suna kururuwa irin ta ƙasarsu, har liman ya aika a roƙe su su sassauta.

Ni da autanmu muka zauna a tabarmar maza muna karɓar gaisuwa, ina sauraron abin da ake faɗi. "Kwana ya ƙare." "Ta huta." "Mai ita ya karɓi abarsa." Wani dillali da ta taɓa kora daga rumfarta saboda ha'incin awo ya ɗaga murya don kowa ya ji, ya ce, "Hajiya ba ta taɓa ɓata ma kowa rai ba." Wannan ƙarya ce, kuma ban ga dalilin da zai sa a yi wa mamaci ƙarya ba, ko da ta yabo ce. Yaya ta ɓata wa mutane da dama rai, ni ne na farkonsu. Abin da ba ta taɓa yi ba dabam ne: ba ta taɓa mayar wa mutum abin da ya miƙo mata ba.

Da la'asar na shiga cikin gida don mata su yi mini gaisuwa. A tsakiyarsu na tarar da ƙanwar marigayi mijinta ta wajen baffa, wadda ke zaune a Madécali, wadda 'ya'yan gidan ke kira Gwaggo har mu ma muka bi bakinsu. Idanunta sun kumbura, muryarta ta dushe, tana ba mata labarin jinya.

"Wallahi babu abin da ba mu yi ba," in ji ta. "Likita anka kai ta, ƙwaya ta sha. Rubutu anka yi mata, ta sha. Ni da kaina na tahi bakin gulbi na haƙo sayyar tumfafiya, na jiƙa, na ɗiga nononta kaɗan, kamar yadda innarmu ka yi ma masu kumburin ƙahwa. Ta shanye gorar, na koma na haɗo wata mai ƙarhi. Amma in kwana ya ƙare, mi mutum zai yi?"

Matan suka amsa, "Allah shi saka miki, Gwaggo. Kin riƙe zumunci."

Ina tsaye riƙe da labulen ƙofa na ji wannan. Tun ina saurayi har na ajiye aiki, haɗa magani nake yi a farmasi, wato ɗakin magani, na wani asibitin mishan. Na san ƙwayar da Yaya ke sha, na kuma san abin da ke cikin tumfafiya. Sai a wannan lokaci, bayan an rufe ta da ƙasa, na ji sunan abin da ke cikin gorar da na sha gani a ƙarƙashin gadonta. Ban yi magana ba, domin ranar ba ta magana ba ce. Amma autanmu, da na baro a waje ƙafafunsa a kumbure, ciwon Yaya ne gare shi, irin ƙwayarta yake sha kowace safiya, Gwaggo kuwa mace ce da ba ta iya ganin marar lafiya ta naɗe hannu.

Kafin in kai ga abin da ya biyo baya, bari in faɗi ko wace ce Yaya, don kada jikokinta su tashi da labarin dillalai.

Rumfarta tana layin kayan miya. Zoborodo take sayarwa, da tsamiya, da citta, da kanumfari, da garin kuka, da busasshen zogale. Zoborodo takan ware shi da hannunta, mai duhu dabam, mai haske dabam, kuma ba ta yarda a gauraya na bara da na bana ko da mai saye ba zai gane ba. Wanda ya tsoma hannu a buhunta bai wanke ba, ko alhaji ne, zai ji abin da bai shirya ji ba. Da Hausa take ciniki, in rai ya ɓaci ta koma Dandanci, matan kudu kuwa ta yi musu ba'a da harshensu har su riƙe ciki. Mutane kan zo su ce, "Hajiya, mi ka maganin hawan jini cikin kayan ga?" Amsarta ɗaya ce kullum: "Ni miya nika saidawa. In lahiya kaka nema, ga ƙanena can, shi anka koya ma wanga aiki." A tsawon zamanta a kasuwa ban taɓa jin ta ce wa mutum sha kaza ka warke ba. Ina so a riƙe wannan, domin kada wani ya ɗauka jahilci ne ya kai ta inda ta je.

A zamanin da aka ce kowane gida ya ba da yaro ɗaya a kai lakkwal, wato makarantar boko, mahaifinmu ni ya bayar, aka tafi da ni makarantar mishan can kudu. A can na koyi cewa layi ko dai madaidaici ne ko karkatacce, babu na tsakani. Masera, malamar mishan da ta koya mana awo, takan zubar da duk abin da ka auna idan ya ɗara da ƙwayar gero, ta sa ka sake, ba ta ɗaga murya ba. Da na dawo hutun farko da gajeren wando da aski irin nasu, sai na tarar an ware mini akushi. An ce na ci abincin da ba a yi wa bisimilla ba, kada in sa hannu a kwanon yara. Ina zaune bayan rumbu ni kaɗai, sai ga Yaya, tana budurwa a lokacin, ta juye tuwonta cikin akushina, ta ture ni da gwiwa, ta ce, "Matsa, Nasara, ka cika wuri." Kakarmu ta yi mata faɗa daga bakin ɗaki. Ta haɗiye lomarta, ta ce, "Iya, na ɗanɗana, tuwon bai canza ba." Daga ranar Nasara take kirana. Duk gari Mushe suke ce mini, kamar yadda ake kiran ɗan boko a ƙasar nan, ita kaɗai ta riƙe nata sunan har ta mutu.

Abin da ya fi wannan girma ya faru ne bayan an kai ta gidan miji. Ta tarar dangin mijin sun rabu biyu, na Malanville da na Madécali. Wani yaron gidan Malanville ya mutu bayan ya sha fura a Madécali, sai zato ya faɗa kan matar baffa, mahaifiyar Gwaggo. Babu wanda ya furta kalmar sammu. Abin da aka yi ya fi furtawa muni: duk ƙwaryar da ta fito daga hannun tsohuwar sai a karɓa a ajiye gefe, a ce an ƙoshi. A wajenmu wannan ya isa. Wanda aka mayar wa ƙwarya ya san abin da ake nufi, kuma ba shi da inda zai kai ƙara, tunda ba a ce masa komai ba. Tsohuwar ta shekara da shekaru tana dama furar da ba mai sha sai 'ya'yan cikinta.

Ranar wani suna, Yaya, da lallen amarci bai gama fita a hannunta ba, ta hau amalanken shanu mai komawa Madécali. Ta ratsa taron, ta wuce manyan mata, ta durƙusa gaban tsohuwar, ta ce ƙishirwa take ji. Ta shanye ƙwaryar a idon kowa, ta miƙa a ƙara mata. Gwaggo yarinya ce a lokacin, tana tsaye bayan uwarta, kuma ta gaya mini ba sau ɗaya ba cewa ranar ta fara ganin haƙoran uwarta. Daga nan gidajen biyu suka koma ɗaya. Aka yi ta aure tsakani, har ɗiyar Yaya ta biyu can take aure yanzu. Daga nan kuma Yaya ta kafa wa kanta doka, ta kafa wa duk wanda ta rena: abin da ɗan'uwa ya miƙo maka, ka kurɓa a gabansa, ko da kurɓi ɗaya ne. Autanmu a hannunta ya tashi, dokar nan ta shiga jininsa. Ni lakkwal ta ɗauke ni kafin ta gama shiga nawa.

Zuciyarta ta fara gajiya shekarun baya. Numfashi ya riƙa yanke mata tsakanin gida da kasuwa, ƙafafu suka kumbura, kwanciya ta gagara sai an tara mata matasai. Likita ya rubuta mata ƙwaya iri biyu, ɗaya ta fitar da ruwan jiki, ɗaya ƙarama fara mai suna digoksin, ta ƙarfafa bugun zuciya. Ta sami sauƙi har ta koma zama a rumfa da safe. Bana jikin ya sake tashi, sai 'yan dubiya suka fara zuwa, kuma a garin nan ba a zuwa dubiya hannu sake. Wannan da kwalba, wancan da gora, waccan da ƙullin gari a bakin zane. Kowa da labarin wanda ya sha ya tashi. Yaya kuwa tana zaune a kan gado tana kurɓar kowanne a gaban mai shi, tana sa albarka.

Na zauna na yi mata bayani da haƙuri, kamar yadda aka yi mini. Na ɗauki misalin gonar shinkafar mijinta da ke fadamar gulbi, tunda ta san ta. Na ce mata zuciya tsoka ce da aka gina da ƙananan ɗakuna waɗanda ido ba ya gani. A kowane bugu ana buɗe wa kowane ɗaki ƙofa, wani sinadari ya shiga, irin wanda ke cikin ƙashi da nono, kalsiyom ake ce masa. Shigarsa ke sa ɗakin ya buɗe nasa rumbun na ciki, tsokar ta matse, jini ya tafi. Daga nan sai a kwashe shi a mayar, tsokar ta saki, ta huta, ta jira bugu na gaba. Kamar fangalin shinkafa ne: a sako ruwa, a janye. Idan aka sako ba a janye ba, ruwan da ke rayar da shuka shi zai ruɓar da ita. Haka ɗakin zuciya, in sinadarin nan ya taru ya ƙi fita, tsokar ba ta saki, bugu ya rikice, ɗakin ya lalace ya mutu, kuma wanda ya mutu ba ya dawowa.

"To ƙwayar taka fa?" in ji ta.

Na ce ƙwayar daga wani furen ƙasar Turai aka samo ta. Aikinta ta ɗan rage kwashewar, don sinadarin ya ɗan ƙaru, zuciya mai rauni ta matse da ƙarfi. Amma tsakanin abin da ke magani da abin da ke kisa, tazarar ba ta kai kaurin farce ba. Shi ya sa ake auna ta. Kuma a dajin nan namu akwai itatuwa masu irin aikinta, waɗanda ba wanda ya auna.

"Ashe kai ma boka na, Nasara," ta ce. "Naka ganyen dai ya hau jirgi."

Babbar jikarta, wadda ke karatun likita a Parakou, tana gida hutu a ranar, tana matsa mata ƙafa. Yaya ta zungure ta. "Ke, likitar gobe, zoborodona hwa? Shi ma guba na?"

Yarinyar ta amsa da hankali, na kuma yaba mata. Ta ce masu bincike suna duba tsirrai irin zoborodo da zogale da wasunsu, domin akwai sinadarai a cikinsu da ake ganin suna iya kare ɗakunan zuciya daga wannan ambaliya. Amma cirowa suke yi, su tace, su auna, su gwada a ɗakin bincike da jikin dabbobi tukuna, kuma da yawa ba a riga an tabbatar da su a jikin mutum ba. Ta ƙara da cewa dajin da ke da mai rufe ƙofa, shi ke da mai ɓalle ta, kuma a cikin gora ba a bambance su.

Yaya ta tafa hannu. "Kun jiya? Har Turawa sun dawo rumhwata!"

Matan da ke ɗakin suka yi dariya, suka fita da rabin maganar. Kafin mako ya zagayo, abin da ke yawo a unguwa shi ne jikar Hajiya ta ce likitoci sun yarda da itace. Rabin da ya fi muhimmanci bai ƙetare bakin ƙofa ba. Goruna suka ƙaru.

Da na ga haka sai na ɗauki kujera na ajiye a bakin ɗakinta. Duk wanda ya zo da abu a hannu, in tambaye shi mene ne a ciki, in ce ya ajiye a waje. Kwana biyu na yi ina wannan, sai ta kira ni da muryar da take kiran dillalai.

"Nasara, shigo. Yaushe anka buɗe duwan na masu binciken kaya a ƙohwata?"

"Tun da kika mai da cikinki kasuwa."

"Mutane su taso tun daga Guéné cikin ruwan sama, su zo ganina, ka tsaida su kana buɗe musu kaya kamar masu sumoga? Takarda za ka buga musu?"

"Yaya, ba ki san abin da ke cikin gorunan nan ba. Su ma masu kawowa ba su san nawa ne a ciki ba."

"Na san abin da ke cikin zuciyar mai kawowa."

"Taki zuciyar nake magana."

Ta dube ni, numfashinta na fita da ƙyar. "Kai an koya maka auna gari. Ni na ga abin da mai da ƙwarya ka yi ma gida. Ba a hwara shi a ƙohwata ina da rai. Ɗauke kujerarka."

Na ɗauke. Gidanta ne, kuma ta girme ni. Abin da na faɗa mata daidai ne, kuma da za a sake, shi zan sake faɗi. Na ci gaba da zuwa kowace safiya ina riƙe wuyan hannunta ina sauraron bugun, tana yi mini ba'a wai na zo karɓar haraji.

Bayan zuwan Gwaggo na farko da gorarta, sai abinci ya fita ran Yaya, amai ya fara. Bugun ya yi sanyi, yana tafiya yana tsallake. Wata safiya ta ce wa babbar ɗiyarta, "Wa ya shahwa ma bangon ga ruwan ɗorawa?" Bangon fari ne. Da na ji wannan na ce a nemo mota yanzu. A asibiti likita ya yi abin da ya kamata. Ya dakatar da ƙwayar, ya tambaye ta a gabana, ya sake tambaya, ko akwai wani abin da take sha. Ta dube shi da idon nan nata, ta ce, "Ruwa da kunu." Ta san in ta ambaci gora, tambaya ta gaba ita ce wa ya kawo. Ni kuma ban ƙaryata ta a gabansa ba, tunda ban san abin da ke cikin gorar ba. Aka riƙe ta har bugun ya daidaita, aka sallame ta. Labari ya kai Madécali cewa likita ya janye maganinsa, Gwaggo ta ɗauka asibiti ya gaza, ta koma bakin gulbi ta haɗo mai ƙarfi. Sauran an riga an sani.

Tsakanin jana'iza da sadakar bakwai ban zauna ba. Na sami autanmu shi kaɗai na gaya masa komai. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Mushe, na ji. Amma in ta miƙo mani a gaban mutane, ƙaƙa zan yi?" Na nemi ganin Gwaggo a keɓe, amma mai zaman makoki ba ta keɓuwa, kullum mata na kewaye da ita. Na roƙi babbar ɗiyar Yaya ta kai mata maganar a hankali. Ta fashe da kuka ta ce, "Kawu, ƙanwata can take aure. Ban iyawa."

Ranar bakwai, bayan an shafa fatiha, jiri ya ɗebi autanmu, aka kama shi aka zaunar a zaure. Zauren cike yake, mutanen Madécali sun zo kwansu da kwarkwatarsu, har da mijin ɗiyar Yaya da 'yan'uwansa. Sai ga Gwaggo ta fito daga cikin gida da sauri, gora a hannu ɗaya, ƙoƙo a ɗaya. Ta durƙusa, ta tsiyaya, ta miƙa.

"Ungo, Auta. Ƙahwahun ga naka ba su yi mani ba. Ba mu rasa biyu cikin wata guda."

Ya miƙa hannu. Na riƙe wuyan hannun.

"Ba zai sha ba."

Ta ɗago tana murmushin gajiya. "Mushe, bar hwaɗan lakkwal yau. Kurɓi ɗai na."

"Ko ɗigo ba zai sha ba, Gwaggo."

Mijin ɗiyar Yaya ya gyara zama, ya ce a hankali, "Kawu, a gidan ga za a mai da ƙoƙon Madécali? Ƙasar kabarinta ba ta bushe ba."

Na ce, "Ban ce akwai mugunta a hannunta ba. Wanda ya ce haka, ni zan fara ƙaryata shi. Na ce akwai tumfafiya a ƙoƙon nan, shi kuma yana shan ƙwayar zuciya, kuma su biyun ba sa zama a ciki ɗaya."

Gwaggo ba marar hankali ba ce. Na ga lokacin da maganar ta isa inda za ta isa.

"Ita marigayiya ta sha," ta ce.

Na kau da kai.

"Mushe, dube ni. Kai ba ka ƙarya, kowa ya sani, shi ya sa ba a son zama da kai. Ruwan da na kawo mata na?"

Da na ce mata kwana ne ya ƙare, da ban yi ƙarya ba, kuma da kowa ya numfasa. Amma da gobe gorar ta dawo, a ranar da ba na nan. Na ce, "Zuciyarta ta daɗe da gajiya, kuma ba a bincika gawa ba, saboda haka ba ni da abin da zan rantse a kai. Amma aman nan, da ganin ruwan ɗorawa, da bugun da ke tsallake, alamun wanda irin wannan abu ya yi wa yawa ne. Ƙwayar da tumfafiya aiki ɗaya suke yi a zuciya. Abin da nake tsoro a kan Auta ke nan."

"Ta sani?"

"Ta san na hana. Ta zaɓi ta sha."

Ta ajiye ƙoƙon a ƙasa a hankali, kamar mai tsoron ya fashe. Ta miƙe, ta gyara mayafinta, ta fita ba ta koma cikin gida ɗaukar kayanta ba. Mutanenta suka tashi ɗaya bayan ɗaya, suka bar shinkafar sadaka a faranti ba su taɓa ba. Muna jin kabu-kabu na tashi a ƙofar gida. Ɗiyar Yaya ta tsaya a tsakar zaure tana duban ni, tana duban ƙofa, daga bisani ta bi mijinta.

Ranar arba'in tabarmin da aka shimfiɗa wa Madécali haka aka naɗe su. Ɗiyar ce kaɗai ta zo, ta gaishe ni daga nesa da gaisuwar da ake yi wa baƙo. An ce Gwaggo ba ta da lafiya, na aika gaisuwa, ba a dawo mini da amsa ba. A kasuwa kuwa maganar ta riga ta canza kama, wai Mushe ya tsaya a gaban jama'a ya ce Madécali sun kashe yayarsa. Ban faɗi haka ba. Na rubuta abin da na faɗa a nan, kalma da kalma, don wanda ke son sani.

Ina roƙon Allah ya gafarta wa Yaya, ya yalwata mata kabarinta, ya karɓi zumuncinta da nauyin da ita ta ba shi, ba da nauyin da ni na ba shi ba. Ya sanyaya zuciyar Gwaggo, wadda ba ta nufi kowa da sharri ba tun da aka haife ta. Ya shirya masu zuwa dubiya, su riƙa zuwa da addu'a da goro, su bar sauran.

Autanmu yana nan da ransa. Kumburin ya sauka, yana takawa zuwa masallaci da sandarsa. Yakan bi ta ƙofar gidana ya yi sallama, amma ba ya zama. Shekaranjiya ya tsaya, ya jingina da bango.

"Da ka bar ni na sha, Mushe," ya ce. "Kurɓi ɗai."

Na ce, "Da yanzu mun yi maka bakwai."

Ya gyaɗa kai, ya gyara riƙon sandarsa.

"Da an zo bakwai ɗin," ya ce. "Gidajen biyu duka."